Fayil ɗin Ɗana

"Fayil ɗin nan na ofishinmu ne, Gwaggo Nampijinpa," in ji Lauya Gillespie, ya kuma ambaci sunan ɗana.

Na ce, "Ka sake kiran sunan nan, sai na fasa maka baki. Kai ka haifa mini shi?"

A wajenmu, wanda ya mutu ba a kiran sunansa, ba a ajiye hotonsa, don ya samu ya tafi. Kayan yarona duk mun ƙone, saura wannan fayil na shari'ar haɗarin da ya yi ajalinsa.

Na yi ta zarya Alice Springs har lauyan ya gaji, ya turo mini shi a kan tebur.

"Wane lauyan za ki kai wa?"

A ƙofar ofishinsa na cinna wa fayil ɗin wuta. Na tsaya har hotunan suka zama toka, na ji ƙirjina ya sake.

Sai ga shi da gudu, ya dafa kafaɗata cikin tausayi.

"Kada ki damu, Gwaggo, ba abin da ya salwanta. Muna da kwafinsa a kwamfuta, shekara bakwai muke ajiyewa."