Notin Distiributa

Tun daga inda take tsaye, 'yar bakaniken ta ga Baba ya zura distiributa, mai raba wa fulogogin mota wuta, a juye, bakin rotar da ke juyawa a cikinta yana kallon baya maimakon wayar fulogi na ɗaya. Idanunsa sun daɗe da yin rauni. Kwastomomi sun janye ɗaya bayan ɗaya, direban wannan motar kaɗai ya rage, ga shi kuma tsaye a kansu.

In aka murza makulli a haka, injin zai yi tari ne kawai ya mutu, direban kuma ba zai sake dawowa ba.

"Baba, hannunka duk baƙin mai. Je ka wanke, zan maƙala maka wayoyin."

Ya tafi yana laluben bango. Ta roƙi direban ya duba mata iskar tayar baya. Nan da nan ta kwance noti, ta ɗaga distiributar, ta juya rota, ta mayar da ita mazauninta.

Baba ya dawo ya ce a ba motar wuta. Bugu ɗaya ta tashi.

Direban ya washe baki. "Tsoho, hannunka na nan yadda na san shi."

Baba ya sunkuya yana sauraren injin, yatsunsa suna shafa distiributar. Sai ya zaro sifana daga aljihu, ya ƙara ɗaure notin, ya matso kusa da kunnen 'yarsa.

"In kin gyara mini, ki riƙa ɗaure noti da kyau. Wancan karon ma sai da na bi bayanki."