Mangwaron Tsohon Soja

Ranar da uwar mijina ta tambaye ni yaushe rabona da gidanmu, na sunkuyar da kai na ce sai bayan Sallah zan je, in Allah ya yarda. Ta san mahaifina ya kwana biyu ba ya iya fita. Ba ta yi mini faɗa ba. Muna tsince shinkafa ne a tsakar gida, sai ta ture farantin gefe ta ce, "'Yar nan, bari in ba ki wani misali." Ga shi nan kamar yadda na riƙe shi.

An yi wani mutum, ɗan kokawa ne tun yana saurayi. In kaka ta yi aka share fage, ƙauyuka kan zo kallonsa, kuma ba a cika ganin bayansa a ƙasa ba. Daga nan ya shiga soja. Ya yi shekaru yana yawon bariki, ya ga abin da bai taɓa ba kowa labarinsa ba, ya dawo gida da furfura da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. A cikin jakarsa akwai wani ɗan reshen mangwaro, tsawon yatsa biyu, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, wanda ya yanko a garin da ya yi aikinsa na ƙarshe. Ya sami fili a bakin fadama ya kafa lambu. Aikinsa shi ne auren itatuwa. Zai sami ƙaramin mangwaro na gida, irin mai tsami, ya tsaga kan itacen da reza, ya soke reshen mai zaƙi a ciki, ya ɗaure da leda. Mutane kan yi dariya su ce hannun da ya kayar da ƙarti yanzu ya koma lallashin ganye. Shi kuwa yakan ce, "Ƙato in ka kayar da shi tashi yake ya tafi. Wannan in ya kama, ya zauna ke nan." Da itacen farko ya girma, ya ba da 'ya'ya manya, ba zare ko ɗaya, ƙamshinsu kan riga mai tallan shiga gida. To, mutumin yana da 'yar fari, kuma akwai alkunya tsakaninsu kamar yadda aka saba. Ba ya kiran sunanta, ba ta zama inda yake zaune. In ta kai masa abinci lambu, sai ta ajiye a gindin itace ta ja baya. Wani lokaci yakan ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wanda ke son ya ga yadda ake yi, ga wuri nan." Ita kuma sai ta rufe fuska da mayafi ta juya, zuciyarta na son ta tsaya, tana cewa wata rana. Da aka kai ta gidan miji a gari mai nisa, duk shekara kwandon mangwaron farko nata ne. Ba saƙon baki, ba gaisuwa, kwandon kawai. Ita ma ta gane, don ba ta taɓa rabar da zaɓaɓɓun da yake ɗora mata a sama ba.

Wata shekara kwando bai zo ba, sai ɗan aike. Ta iso an riga an kai mahaifinta makwancinsa. Ta zauna zaman makoki, ta ji ƙannenta maza suna maganar yanka lambun a yi fulotai, don babu mai iya kula da shi a cikinsu. Ranar da za ta koma ta bi ta lambun ita kaɗai, ta tsinci ƙwallayen mangwaro a gindin babban itacen, ta ƙulle a bakin zane. A ranta, ta ɗauko mahaifinta ke nan. Ta shuka a bayan ɗakinta, ɗaya ya tsiro. Ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rani ruwan alwalarta nan yake zuwa, in ruwa ya yi wuya ta rage na wankanta. 'Ya'yanta suka taso suna ce masa itacen Kaka. Shekara ta bi shekara, har ran nan ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya. Ta hana kowa taɓawa sai da ɗaya ya nuna ya faɗo da kansa. Ta wanke, ta shiga ɗaki, ta gatsa. Tsami, ga zare na maƙalewa a haƙori. Wani dattijo maƙwabcinsu da ya taɓa aikin lambu ya ce mata, "Ai baiwar Allah, mangwaro mai aure ba ya gado ta ƙwallo. Reshe za ki yanko. Yana nan, itacen?" Washegari ta hau mota. Ta tarar da gidajen bulo a jere inda lambun yake, har da shagon caji a bakin hanya. Ta yi ta zagaye tana neman ko kututture, ba ta samu ba. Yaran unguwar ba su ma san an taɓa yin lambu a wurin ba. Ta dawo gida. Ba ta sare itacenta ba, ta ci gaba da ba shi ruwa. In ya yi 'ya'ya jikokinta na sha suna yamutsa fuska, sai ta ce musu, "Da kun sha na kakanku." Su ce yaya yake? Ta buɗe baki ta rasa yadda za ta kwatanta.

Uwar mijina ta jawo farantin ta ci gaba da tsinta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Shi ya sa Hausawa suka ce, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari."