Kwamfutar da Ta Ƙi Wankuwa

Fuskar kwamfutar ta sake yin shuɗi, ta ɗauke.

Sha'aibu ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Tasinsa na can bakin titin Zariya rana na gasa ta, shi kuwa ga shi a wani ɗan shago cikin lungun Gyaɗi-Gyaɗi, ya zuba wa mai gyara ido. Malam Ɗahiru ko a jikinsa, hura faifai yake kamar mai fifita koko.

Kwamfutar dai ba ta Sha'aibu ba ce. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta manta ta a kujerar baya, cikin jaka. Da ta biyo sawu tasharsu ta Hotoro, gogan naka ya dafa ƙirji a gaban direbobi ya ce ko zare bai gani ba. Wa zai ƙaryata shi? Tun da soja suka koma bariki kowa ya zama ɗan takara, har tasharsu an sa ranar zaɓen shugaba, kuma da sunan Mai Gaskiya yake neman ƙuri'a. Matsalar ɗaya ce: da an kunna abar sai hoton matar ya cika fuska. In ido ya gani, takara ta rushe, tashar ma ta fi ƙarfin ƙafarsa.

Shi ya sa ya ƙetaro unguwar da ba a san shi ba, ya kuma kafa sharaɗi: kada a buɗe abin da ke ciki, a sa faifai kawai a wanke ta tas.

Malam Ɗahiru bai yi musu ba. Ya kifa ta, ya daɗe yana duban bayanta. Ya jawo aljihun tebur ya zaro caja, ta shiga cif. Ya tokare gefenta na hagu da murfin biro kafin ya danna maɓallin kunnawa. Sannan ya nuna wa Sha'aibu benci can ƙurya, shi kuma ya ja kujerarsa bakin ƙofa, wai don haske.

Faifan ya yi gurnani, rubutu ya fara gudu, sai shuɗi. Aka sauya wani, ba ta sake zani ba. Ya kwance ƙasanta, ya zaro wani ɗan allo kore, ya goge shi da robar goge fensir ya mayar. Ya ɗan latsa wayarsa, ya ajiye. Aka sake gwadawa.

Gumi ya jiƙa hular Sha'aibu. Tsoro yake ji, ba na wasa ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin lungun sai ya miƙa wuya ya leƙa.

"Malam, in ta gagare ka ba ni abata, masu gyara ba su ƙare ba a Tarauni."

Malam Ɗahiru ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗora tafinsa a kai.

"Ƙara haƙuri kaɗan, direba. Yanzu masu aikin safe za su tashi daga asibiti."

Sha'aibu ya ɗago kai. Bai tuna ya faɗa masa sana'arsa ba.

"Me ya haɗa gyarana da asibiti?"

"Ai ba gyara nake ba, jira nake," in ji Malam Ɗahiru, yana gyara zama a bakin ƙofa. "Wannan kwamfutar, tun ranar da na saya wa matata ita ba ta taɓa karɓar faifai ba."