Rigar da Ba Ta Gumi

Magana ta zaga unguwa, wai 'yar tsohuwa, ma'aikaciyar jinya, ba motsa jiki ke kai ta gidan motsa jiki ba, namiji ne.

Tsohuwa ba ta sayen zancen bakin famfo. Amma ita ke wanki, kuma rigar motsa jikin 'yar kullum a bushe take dawowa, ko warin gumi babu. Ga likita ya ce in hawan jinin yarinyar bai sauka ba, shanyewar ɓarin jiki na tafe.

Ran nan ta bar jikoki da ubansu, ta bi sawu.

"Ina 'yata?" ta tambayi matar da ke tsaron ƙofa.

"Iya, sassauta murya. Ko kina cikin masu damunta da waya?"

Ta kai ta ɗakin canza kaya. Ga 'yar kwance a benci, takalmin asibiti a ƙafa, ta yi matashi da jaka, baki buɗe. Wayarta cike da kiran da ba a ɗaga ba: asibiti, maigida, makarantar yara, Mama.

"Wace na'ura take hawa?"

"Ko ɗaya, Iya. Tun da ta yi rajista, barci take zuwa yi."