Ƙaton Sauron Doña Zoila

"Don Evaristo, wannan ganga ce ko asibitin haihuwar sauro?" Doña Zoila ta tambaya ta lasifika, alhali tsohon da ake kira Don Evaristo yana tsaye a gabanta.

Wata uku ke nan ma'aikaciyar lafiyar tana zaga unguwannin garin Choluteca da wa'azin zazzaɓin denge da sauro ke yaɗawa: a rufe ganga, a kifar da gwangwani, kada a bar ruwa ya kwanta. Har siffar ƙaton sauro ta sa aka haɗa da tsofaffin tayoyi a dandali, wai don marasa kunne su gani da ido. Zazzaɓin kuwa sai gaba yake, har ya kwantar da jikarta.

"Mutanen nan ba sa ji," ta ce wa jami'in binciken da aka turo. "Fara da gidan tsohon nan."

Jami'in ya leƙa gangar, tas. Ya bi gida arba'in, tas. Da ya gaji ya jingina da ƙaton sauron, sai ruwan saman da ya kwanta cikin tayoyin ya zubo masa a takalmi, tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil.

Sai Don Evaristo, da ya biyo su dandalin, ya cire hula cikin ladabi, ya miƙa hannu.

"Doña, ɗan ara mini lasifikar mana."