Ranar da Soja Ya Manta da Mu

A garejin Babana a Kakuri wani biri ya girma. Soja muke ce masa, don ya iya sara wa kwastomomi. Da ya fara cizo, Baba ya kai shi wani gida bayan Rido, inda wata mata ke kula da birai har su iya komawa daji.

Bayan damina muka je duba shi. Baba ya cika aljihunsa da gyaɗa. Daga bakin shingen waya ya yi masa fito irin na kullum. Soja ya waiwayo, ya yashe mana haƙora, ya haye ƙololuwar mangwaro wurin 'yan'uwansa.

Na fashe da kuka.

Baba ya ce, "Madam, lafiyarsa kuwa?"

Ta ce, "Yanzu ne ma ya warke, Oga. Birin da ke zuwa hannun mutum ba ya daɗewa a daji."

Baba ya jima yana kallon bishiyar. Sannan ya zaro hannu daga aljihu, ya ƙame, ya sara masa.

Ni na cinye gyaɗar a hanya, tana warin baƙin mai. Yanzu na girmi Baban wannan rana, amma har yau ban iya rabuwa irin tasa ba.