Ƙafafun Bayan Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

An yi wani mutum da ake kira Ba-Zama, don tun da ya fara rarrafe ba a taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya ba. A firamare shi ne mai ba da hayar abin fiƙe fensir. In damina ta zo, sai ya ɗauki lemar kakarsa yana raka mutane daga bakin titi zuwa ƙofar gida. Da aka saya masa keke kuwa, duk yaran unguwa sun hau, shi mai keken ne kawai ke bin su a guje. Uwarsa takan ce, "Wannan yaro, in aka ƙyale shi, inuwarsa ma zai sa a haya."

Ya girma, ya yi aure, ya samu aikin masinja a wani kamfani. Hali dai yana nan. In ka jawo aljihun teburinsa, safa ce da turare da cajar waya, duk na sayarwa.

Ana nan sai aka kawo sabon Manaja, wani dogo mai ɗaurarriyar fuska, wanda ba ya magana sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Ranar farko ya ƙwanƙwasa, ya ce duk wanda aka kama da wata sana'a ban da ta kamfani, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Matar Ba-Zama, ga ciki ya tsufa, ta ce, "Baban yara, don girman Allah ka rufa mana asiri." Ya kwaso safa da turare ya kawo gida, ya rantse ya daina. Rantsuwar ba ta kai Asabar ba.

Wani tela ne ya ɗinka giwa da soso da yadi ruwan toka, ana hayarta wajen shagalin yara. Mutum biyu ke shiga ciki: na gaba ya ɗauki kai da hanci, na baya ya duƙa ya riƙe ƙugun na gaba. Ba-Zama ya ga sana'ar da ba a ganin fuska, ya ce, "Wannan ai don ni aka ɗinka ta!"

Tela ya ce, "Gaban da mai shi. Ba ya magana, ba ya cire kai, kuma kada ka tambaye ni." Haka kuwa aka yi. Duk Asabar in Ba-Zama ya iso shago, sai ya tarar da abokin aikinsa ya riga ya kifa kan giwa, yana zaune shiru kamar mai jiran mota.

Aiki ya karɓe su. In na gaba zai juya, sai ya bubbuga hannun Ba-Zama sau biyu, giwa ta karkata, yara su ɓarke da ihu. Matsala ɗaya ce: in kiɗa ya yi daɗi, Ba-Zama yakan taka wa na gaba dunduniya.

Cikin giwa akwai zafi da duhu, ga shi bakin Ba-Zama ma ba ya zama. Ya kwashe labarin Manaja kaf ya ba na gaba: yadda yake tafiya kamar ya haɗiye sanda, yadda yake zuwa ran Litinin yana ɗingishi, ya take bayan takalmi, yana warin man zafi. "Tsufa ne, ɗan'uwa, ya ƙi yarda ne kawai!" Wata Asabar ya yi kukan fankar ɗakin masinjoji da ta mutu. Litinin ya tarar da sabuwa fil tana juyi. Ya gaya wa matarsa giwar nan mai albarka ce.

Rannan kamfani ya shirya wa 'ya'yan ma'aikata shagali a harabar ofis, sakatariya kuwa ta yi hayar giwar. Ba-Zama ya tuna da dokar Manaja. Ya so ya zille, tela ya ce babu wanda ya san takun baya sai shi. Suna isa, sai ya ji ana cewa Manaja ya aiko da uzuri, ba zai samu zuwa ba.

Kai, ranar giwa ta yi rawar da ba ta taɓa yi ba! Ta murguɗa, ta girgiza wutsiya, ta bi direbobi a guje. Ba-Zama ya raɗa, "Ɗan'uwa, yau filin namu ne, mai sanda ba ya nan!" Ya daka tsalle, ya dira kan dunduniyar na gaba. Na gaba ya yi gaba, shi ya yi baya, ɗinki ya ce ɓarrr!

Sai ga Ba-Zama zaune daɓas a ƙasa, rungume da rabin giwa. Wayoyi suka tashi sama. Mai gadi ya riƙe ciki don dariya yana cewa, "Ba-Zama! Ashe kai ne bayan giwa?"

Ya ja wutsiyarsa ya bi na gaba ɗakin ajiya, ya zube. "Shi ke nan, aikina ya tafi. Kafin yamma hoton nan ya isa wayar Manaja. Me zan gaya wa mai ɗakina, ga ta haihuwa yau ko gobe?"

Gaban giwa ya zauna kan kwali, ya cire takalmi, ya daɗe yana murza dunduniya. Can sai ya ƙwanƙwasa kwalin sau biyu.

"Litinin ka zo aiki da wuri, babu mai korarka," in ji muryar Manaja daga cikin hancin giwa. "Amma ka sake taka mini ƙafa, ko ka ce na haɗiye sanda, a ranar za ka ajiye makulli."

Ƙurunƙus! Kan ɓera ne, ba na giwa ba.